Motar Kawu da Lissafin Kwana

Kawuna ya yi shekara talatin da biyu yana koyar da yara a makarantun karkarar Maradi. Da ya ajiye aiki, abokansa suka ba shi shawarar ya buɗe shago da ɗan abin da ya tara, shi kuwa ya je ya sayo mota, tsohuwar Toyota Carina irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Burinsa guda ne, ya ga wuraren da ya daɗe yana ba yara labarinsu bai taɓa taka su ba: hasumiyar Gobarau a Katsina, rijiyar Kusugu a Daura, da dutsen Dala a Kano. Ya ce ba zai je a motar haya ba, inda direba ke da ikon tsayawa da tashi. Yana so ya tsaya inda ransa ya so, ya kalli abin da yake so har ya ƙoshi.

A hunturun ƙarshen shekarar 2022 ya kira ni ya ce in shirya. Dalilin da ya sa ya zaɓe ni a cikin ƴaƴan ƴan'uwansa bai ɓoye ba. Ya ce: "Ɗana, ni Faransanci na sani, can kuwa takardunsu da Ingilishi suke. Kai ne mai karatun harsuna, kai za ka riƙe jakar takardu." Na karɓi jakar da alfahari, ina ganin an ba mai kaya kayansa.

Makonni biyu muka yi muna tara abin da za a sa a cikin jakar. A nan ne na fara lura cewa kowace takarda suna biyu gare ta a bakin Bahaushe, ya danganta da gefen iyakar da yake tsaye. Takardar izinin tuƙi mu farmi muke ce mata, su lasisi. Abin da muke kira asirans, su inshora suke cewa. Takardar mallakar mota, wadda muka sani da kartigiris, can tana cikin abin da suke tarawa su kira takardun mota. Ma'aikatan da za su duba su kuwa, a wurinmu ƴan duwan ne, a wurinsu ƴan kwastan. Na riƙa rubuta waɗannan kalmomi a littafina ina murna, don na samu misalan aron kalmomi da zan kai wa malaminmu na walwalar harshe. Tsakanin Maradi da Katsina bai kai kilomita ɗari ba, kuma sarkinmu har yau Sarkin Katsina ake ce masa, tun da zuriyar sarakunan Haɓe suka baro birnin a farkon ƙarni na 19. Amma layin da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ya isa ya raba mana sunayen takardu gida biyu.

Ban tsaya a kalmomi ba, har dokar na karanta. Yarjejeniyar CEDEAO ta zirga-zirgar jama'a, wadda aka sa wa hannu a Dakar ranar 29 ga Mayun 1979, ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Ta kuma yi maganar mota: motar gida tana iya shiga ta zauna har kwana 90, motar haya kuwa kwana 15, muddin aka nuna izinin tuƙi mai aiki, da takardar mallaka, da asirans ɗin da ƙasashen suka amince da shi, da takardar duwan. Asirans ɗin da ake nufi shi ne katin nan mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa tsarinsa a Kwatano a 1982, domin idan baƙuwar mota ta buge mutum ko ta ɓata dukiyar wani, a samu mai biyan diyya. Duk waɗannan mun tanada. Adadin nan na 90 ya zauna mini a kai, ya kwantar mini da hankali fiye da yadda ya kamata.

Ran Litinin da hantsi muka isa iyaka. Gefenmu muka gama ba da daɗewa ba. A ɗaya gefen, wani ma'aikaci mai matsakaicin shekaru ya karɓi takardun, ya ce a buɗe gaban motar. Ya sunkuya da tocila yana neman lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ya karanta ta harafi bayan harafi, yana gwadawa da wadda ke cikin kartigiris. Sannan ya koma teburinsa, ya ɗauko takardar da direbobinmu ke kira lesefase, ya tambayi Kawu da Hausa tsantsa:

"Baba, kwana nawa za ku yi?"

Kawu ya ce: "Kwana bakwai, in Allah ya yarda. Rana ita yau muna nan."

Ban tabbata ma'aikacin ya ji jimla ta biyu ba, domin a daidai lokacin wata babbar mota ta tashi a bayanmu. Ya rubuta, ya buga hatimi, ya miƙo mini. Na duba kan takardar, na ga sunan Kawu da lambar mota daidai suke, na ninke ta na sa a jaka. Kawu ya tambaye ni mene ne a ciki, na ce masa izinin wucewa ne kawai.

Ya kamata in tsaya a nan in bayyana abin da ban fahimta ba a wannan rana. A idon ɗan duwan, mota haja ce kafin ta zama abin hawa. Duk motar da ta shiga ƙasa don ta zauna, sai an biya mata kuɗin fito, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Mai yawon buɗe ido ana ɗauke masa wannan biya ne bisa sharaɗi ɗaya, cewa zai fita da motarsa kamar yadda ya shigo da ita, cikin lokacin da aka yanka masa. Ma'aikaci ba shi da hanyar sanin zuciyar mutum. Wanda ya zo ganin Gobarau da wanda ya zo sayar da mota a Kano duk magana ɗaya suke yi a bakin shinge. Ga Nijeriya kuma lamarin ya fi tsanani, domin tun ranar 1 ga Janairun 2017 ta hana shigo da motocin sayarwa ta iyakokinta na ƙasa, bayan shekarun da aka yi ana sauke tsofaffin motoci a Kwatano ana bi da su ta ɓarauniyar hanya. Har harshe ya adana tarihin wannan fatauci, tun da Bahaushe na ce wa irin motar ƴar Kwatano. Tsohuwar Carina mai lambar Nijar ita ce ainihin siffar abin da aka ce wa ma'aikacin ya sa wa ido. Shi ya sa ya sunkuya da tocila.

Tafiyar kanta ta yi albarka. Mun kwana biyu a Katsina, Kawu ya tsaya a gindin Gobarau ya fi rabin awa bai ce uffan ba. Mun kwana ɗaya a Daura, ya sha ruwan Kusugu, ya cika gora ya ce tsarabar tsofaffin ɗalibansa ce. Mun kwana uku a Kano, muka yi sallar Juma'a a can, muka zaga Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi, ya hau Dala yana hutawa a kowane ƴan matakai. Ran Lahadi da la'asar muka dawo Katsina. Kawu ya ce ko mu ƙarasa gida tun da sauran rana. Ni ne na ce a'a, hanyar ba ta son tafiyar yamma, kuma ai gobe ne wa'adinmu. Muka kwana, kwana na bakwai ke nan.

Ran Litinin da safe muka isa shinge. Wani matashin ma'aikaci ya karɓi lesefase, ya dube ta, ya dubi kalandar da ke rataye a bango, ya ce:

"Baba, takardar nan ta mutu tun jiya."

Kawu ya yi murmushi irin na malamin da ya kama yaro da kuskuren lissafi. Ya ce: "Yallaɓai, kwana bakwai muka ce, kwana bakwai muka yi." Ya fara lanƙwasa yatsu: biyu a Katsina, ɗaya a Daura, uku a Kano, ɗaya a Katsina.

Matashin ya ce: "Ban musa ba, Baba. Amma duba abin da aka rubuta." Ya juyo da takardar, ya ɗora yatsa a kan wani layi na ƙasa, inda aka rubuta da biro adadin ranaku bakwai da Ingilishi, a gabansa kuma kwanan watan ranar Lahadi. An ƙirga ranar da muka shiga a matsayin ta farko. Layin yana nan tun ran Litinin ɗin da ta wuce, a cikin jakar da nake rataye da ita dare da rana.

Ya ce shi ba shi da ikon sallamar motar da wa'adinta ya wuce, sai babbansu, wanda ya tafi wani aiki, ba zai dawo ba sai washegari. Ya nuna mana inda za mu ajiye ta. Wani fili ne a bayan ofishin, kuma ba mu kaɗai ba ne a ciki. Akwai motoci da dama da ƙura ta rufe, tayoyinsu sun sace, wata har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta ta bushe. Kawu ya kashe injin, ya daɗe yana kallonsu. Na san abin da yake lissafawa, domin duk abin da ya mallaka bayan gidan da yake ciki shi ne wannan motar. Can ya juyo ya ce, ba tare da ɗaga murya ba: "Ɗana, ba ka karanta ba?"

Na ce na karanta sama, ban karanta ƙasa ba. Bai ƙara cewa komai ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. A cikin motar ya kwana, ya ƙi zuwa masauki. Ni na shimfiɗa tabarmar aro a gefenta, sanyin hunturu ya hana ni barci, na samu lokacin yin tunanin da ya kamata in yi mako guda kafin nan.

Washegari babban ya zo. Ya saurari Kawu har ƙarshe, ya sa aka sake duba lambar jikin motar, ya dubi rasiɗan masaukan da muka sauka, ya ce in rubuta takardar bayani in sa hannu. Ya gaya mana a fili cewa doka ta ba shi ikon riƙe motar, amma ya gamsu kuskure ne. Ya buga hatimin fita, ya karɓe lesefase ya ajiye a wurinsu. Muka iso Maradi da azahar, da kwana takwas maimakon bakwai.

Tun daga ranar nake juya abin a raina, kuma na ga kuskurena biyu ne, dukansu na fannin da nake taƙama da shi.

Na farko yana cikin kalmar kwana. A Hausa kwana aiki ne kafin ya zama ma'auni. Mutum yakan kwana, sannan a ƙirga masa kwana ɗaya, don haka ranar da baƙo ya sauka ba ta shiga lissafi sai gari ya waye masa a wurin. Da wannan ma'auni muke raɗa suna: jaririn da aka haifa ran Litinin da rana, ran Litinin mai zuwa ake yanka masa rago, a ce ya kwana bakwai. Takardar ofis kuwa ranakun kalanda take ƙirgawa, kuma wanda ya cike tamu ya sa ranar shiga a ciki. Ma'aikacin Bahaushe ne kamar mu, ya ji kwana bakwai da kunnen Hausa, ya rubuta da alƙalamin Ingilishi, a tsakanin kunnen da alƙalamin dare ɗaya ya salwanta. Da na faɗa wa Kawu wannan bayan hankalinsa ya kwanta, sai ya yi dariya ya tuna mini cewa Bafaranshe ma in yana nufin mako guda yakan ce rana takwas, mako biyu kuma rana goma sha biyar, saboda yana haɗawa da ranar farko da ta ƙarshe. Harsuna uku ke aiki a wannan shinge kullum, kowanne da yadda yake yanka mako. Adadin 90 da na haddace kuwa iyakar abin da yarjejeniya ta yarda a bayar ne. Abin da aka rubuta wa motarka da biro shi ne naka.

Kuskure na biyu ya fi zurfi, kuma yana cikin fassarar da na yi wa Kawu. Kalmar lesefase daga Faransanci take, ma'anarta a bar shi ya wuce. Sunan yana nuna abin da aka ba ka, yana rufe abin da ka ɗauka. Da na ce masa izinin wucewa ne, sunan na fassara, na bar aikin takardar. Mun karanta a aji yadda J. L. Austin ya nuna, a littafinsa da ya fito a 1962, cewa akwai furucin da ba labari yake bayarwa ba, aiki yake aikatawa, kamar alkawari da rantsuwa da ɗaurin aure. Na ci jarrabawa a kan wannan darasi. Amma da aka miƙo mini alkawari a rubuce, mai wa'adi da hatimi, wanda aka ɗaura a wuyan kawuna, ban gane shi ba. Wanda ya san alkawari ya ɗauka, abu na farko da zai tambaya shi ne yaushe ne ranar cikawa.

A tsarin da masu dogon yawo ke bi a duniya, wannan alkawari a fili yake, domin da kuɗi ake ɗaure shi. Akwai wani littafi da ake kira karne, wanda ƙungiyoyin masu motoci ke bayarwa bisa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1954 kan shigar da motocin gida na ɗan lokaci. Kafin a ba mutum, sai ya ajiye kuɗi ko ya kawo lamunin banki, gwargwadon darajar motarsa da ƙasashen da zai shiga. Littafin yakan yi aiki shekara guda. Kowane shafi kashi uku ne: duwan na yage ɗaya ranar shiga, ta yage na biyu ranar fita, na uku ya zauna a hannun mai mota da hatimi biyu, shaidar cewa ya cika alkawari. In babu hatimin fita, ƙasar tana da ikon neman kuɗin fitonta daga ƙungiyar da ta tsaya masa, ita kuma ta cire daga ajiyarsa. Tsaurin yana da dalili, kuma mu ƴan Nijar mun ga dalilin da idonmu. A shekarun 1970 da 1980 Turawa da yawa sun riƙa ratso Sahara daga Aljeriya ta Asamaka da Arlit zuwa Agadas a cikin tsofaffin Peugeot da sunan yawon buɗe ido, su sayar da motocin a nan ko a ƙasashen gaba, su koma gida a jirgin sama.

Abin da ya fi damuna shi ne Hausa ba ta rasa kalmomin da za su faɗi wannan duka ba. Muna da fito, wanda asalinsa ƙetarar da mutum ko kaya a kogi ne, har ya zama sunan kuɗin da ake biya wa haja a mashiga. Muna da wa'adi, da lamuni, da jingina, da sallama, kalmomin da fatake da alƙalai suka daɗe suna aiki da su, kuma kowane dattijo a kasuwar Maradi ya san nauyin kowace. Da an ce wa Kawu ga takardar baƙuncin mota, da bai buƙaci ɗalibin jami'a ba, domin ya san baƙo raɓa ne, kuma ya san baƙon kirki yakan yi sallama kafin ya tashi. Da an rubuta ranar cikar wa'adi da Hausa, aka sa sunan ranar a gabanta, da shi da kansa ya ga Lahadi. Kalmar aro ba laifi ba ce, duk harshe mai rai yana aro. Matsalar ita ce kalmar da aka aro da sautinta kawai takan zama kamar ƙullin magani, kowa na riƙe da ita, kaɗan ne suka san abin da ke ciki. A wannan duhu ne masu shiga tsakani ke cin abinci a bakin kowace iyaka, direba ya biya su don su karanta masa abin da ya shafi dukiyarsa.

Abubuwa sun canza tun bayan tafiyarmu. An rufe iyakar a 2023, aka sake buɗe ta a watan Maris na 2024, kuma Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairun 2025. Duk mai niyyar fita da motarsa yau sai ya je ya tambayi ƙa'idar da ke aiki a ranar, kada ya dogara da abin da na karanta a 2022. Amma a watan Maris na 2025 kuma dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. In har wannan matsayi zai wuce takarda, wata rana za a buƙaci a rubuta lesefase da kartigiris da takardar asirans da Hausa, kuma mu da ke zaune a azuzuwan kimiyyar harshe za a zo a tambaya. Ina roƙon malamanmu su dubi wannan fage idan ana raba batutuwan bincike. Muna da kundaye masu yawa a kan karin magana da tsarin sauti, kuma suna da amfani. Ɗalibi ɗaya da zai yi wata uku a bakin iyaka da littafi da na'urar ɗaukar magana, yana tattara yadda direbobi da ma'aikata ke kiran kowace takarda da abin da kowa ke zaton tana nufi, zai dawo da aikin da za a yi amfani da shi tun kafin tawadarsa ta bushe.

Kawu bai sayar da motar ba, kuma bai fasa yawo ba. Bara ya je Damagaram ya ga fadar Sarki da unguwar Birni, yanzu kuma yana maganar Sakkwato. Jakar takardu dai ta koma hannunsa. Ya ce mini in Allah ya kai shi shinge, bayan an buga hatimi ba zai motsa ba sai ya ce wa ma'aikaci: "Yallaɓai, faɗa mini sunan ranar da bakinka, Lahadi ce ko Litinin?"